Mahfuza, Ke Ce Ake Gani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 15 ga Yuli 2020, da hantsi, abokinmu Badaru ya kira ni ina wurin aiki, ya ce Allah ya yi miki rasuwa bayan kwana tara kina fama da korona. A takardar asibiti Salmanu aka rubuta, sunan da aka raɗa miki a Fagge. Mu da muka ci daga tukunyarki a unguwar International City ta Dubai kuwa Mahfuza muka sani. Haka kika roƙa a kira ki, haka zan kira ki.

Ɗan daudu ake ce miki, wasu a bayan idonki, wasu da masarki a bakinsu. A Dubai ba dama ki ɗaura zane ki fita. Jallabiya kike sawa, amma tafiyarki da muryarki ba sa ɓoyuwa. Ire-irena muna fakewa da kwat da katin ofis. Ke ake nunawa da yatsa, duk abin da ya taso mana kuma ke ke tarar sa.

Da aka kama Ɗalhatu, ɗaya daga cikinmu, saboda hotunan da aka gani a wayarsa, mun fi goma da muka san shi, kowa ya goge lambarsa. Ke kika yi kwana uku kina neman inda aka tsare shi, kika kai masa tufafi da maganin asmarsa, kika samo lauya. Na ce miki, "Mahfuza, za su haɗa da ke."

Kika ce, "Habibi, ni an riga an gan ni. Ku da ba a gani ba, ku zauna. Khalas, shi ke nan."

An kore shi daga Dubai an mayar da shi gida duk da haka. Kika dawo kika ɗora tukunya kina hawaye.

Wata rana a tashar jirgin ƙasa na metro ta Al Qusais, ina tare da abokan aiki, kika ɗaga mini hannu, na kau da kai. Washegari kika aiko mini da dambu. Ba ki taɓa tayar da zancen ba, ni kuma ina ta jiran ranar da zan iya ba ki haƙuri.

Ba a bar mu mun shiga asibiti ba. Ba mu muka yi miki wanka ba. Daga nesa muka tsaya, mu huɗu, aka sa ki a ƙasa. Da na kira mahaifiyarki a Kano, abu ɗaya ta tambaye ni: "Ya sha wahala?" Na ce ban sani ba, Hajiya. Wallahi ban sani ba.

Ya Allah, Kai ka san baiwar da ke cikin wannan bawa naka fiye da mu. Ka jiƙan ta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa cutar nan ta zama kankarar zunubi. Mahaifiyarta Hajiya Umma da ƙanwarta A'i, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Mu kuma da muka yi shiru, Allah ya yafe mana.

Kamal
Dubai