Idon Baban Tanki

Shekara ashirin da shida Baban Tanki ya yi a bakin tankin bilic na masana'antar takarda. Tsofaffin jaridu da littattafai ake jiƙawa a markaɗe, a wanke tawadar, markaɗen ya iso gabansa kamar taɓo mai ruwan toka. Aikinsa ya mai da shi fari. Akwai na'urar auna haske a ofis, amma ko kallo ba ta ishe shi ba. Ɗiba yake a tafin hannu, ya matse, ya duba a bakin taga, ya ce a ƙara bilic ko a bari. Da wannan idon ya ciyar da gidansa.

A shekarar ƙarshe sai farin ya ƙi fita. Duk abin da ya ɗibo rawaya-rawaya yake ganinsa. Ya zargi masu kawo takarda, ya yi ta buɗe famfon bilic. Shi kuwa bilic in ya yi yawa, cinye ƙarfin takarda yake. Ta riƙa tsinkewa a kan inji sau huɗu a yini.

"Baba, takardar nan taka ko atishawa aka yi kusa da ita sai ta yage," in ji mai inji. Aka yi dariya, ban da Baban Tanki.

Mai awo a ofis, 'yar marigayi amininsa, ta kira shi gefe ta shimfiɗa masa takarda biyu.

"Kawu, wacce ta fi fari?"

"Duk biyun da saura."

Ta sunkuyar da kai. Ɗayar farinta ya wuce ma'auni nesa.

Da ya je asibiti, likita ya ce yanar ido ce, kuma ta daɗe. Kafin ranar yin aikin idon ta zo, manaja ya mayar da shi fili wajen ɗaure tsofaffin kwalaye, aka danƙa tankin ga na'ura.

Ran nan ya koma gida ya tarar da matarsa tana shanya fararen rigunansa. Wata nawa yana yi mata faɗa wai ta manta yadda ake wanki.

"Uwar yara, rigunan nan sun fita?"

"Fes, Malam. Tun da ma."

Ya kamo hannunta. Duk ya tsattsage, saboda bilic ɗin da take ta ƙarawa don ya daina faɗa. Ya daɗe riƙe da shi.