Wankan Jegon 'Yata ta Fari

Ranar da za a sallami 'yata ta fari daga asibiti, a baranda na zauna da kular abinci a gabana. Jijjiga ce ta kama ta wajen haihuwa, aka kwantar da ita a ɗakin kulawa ta musamman, inda na'urori ke riƙe da numfashin mutum, har Allah ya tashi kafaɗunta. Ni ko sunanta ba na kamawa, balle in je in tsaya a kanta gaban surukina. Haka muka taso muka tarar.

Ashe a ciki wata nas tana ta tambayoyi. Da su suke gane wanda ciwo zai iya dawo da shi ɗakin nan, sai su ƙara riƙe shi ko su ja kunnen 'yan uwansa. Mijin yarinyar ne ya amsa, daga baya yake ba ni labari. Tana haki? A'a. Kumburin ƙafa fa? Ya saɓe. Wa zai kula da ita? Ya ce Tudun Wada za ta, gidan iyayenta, mata sun cika gidan. Me za ta riƙa ci? Ya ce abin da masu jego ke ci mana. Bawan Allah, ina ya san me ke cikin kofin mai jego.

Goggonta, yayar maigidana, ta taso daga Tudun Jukun da ganyen darbejiya. Safe da yamma ruwa na tafasa a garwa, ana fitowa wanka ga kunun kanwa.

Na ce, "Yaya, ruwan nan bai yi mata zafi ba kuwa?"

Ta ce, "Au, daga yaƙi da jahilci sai likitanci? Ke da me aka gasa ki?"

Muka yi dariya. Gaskiyarta ce, da shi aka gasa ni, ban ga komai ba.

Sannu a hankali yarinya ta kasa kwanciya sai ta jingina da bango. Ƙafa ta sake hawa. Muka koma asibiti, aka mayar da ita ɗakin da ta fito. Likita ya ce zuciya ce ta gaji; kanwa da zafin nan sun yi wa mai hawan jini yawa.

Nas ɗin ta same ni a barandar nan dai.

"Mama, ke ce mahaifiyarta? Ina kike ranar da muka sallame ta?"

Na ce, "Ina nan, 'yar nan. Nan inda kika gan ni."

Ta ce, "Da na sani, da na leƙo waje."

'Yata ta rayu, alhamdu lillahi. Tana ɗakinta a Hanwa, kullum da magani, an kuma ce wani cikin haɗari ne gare ta. Goyo ma ba ta iya ba, sai numfashinta ya sarƙe. Ni na goya yaron har ya yi tafiya, ita tana zaune a tabarma tana gyara mini majanyi.