Sunan da Malam Haruna Ya Ƙi Faɗa

Har yau ban manta da ranar da na hango wata hula cikin akwatin gilashi na tsaya cak ba. A wani babban gidan adana kayan fasaha ne a Ikko, tsakiyar shekarun 1970. Lokacin ina ƙaramin akawu a ofishin kula da kayan tarihi a Zariya. Ofis ya tura ni in raka Malam Haruna, tsohon dillalin huluna na Ƙofar Kuyambana, ya taimaka wajen tantance kayan Zazzau da ke can.

Mun wuce sassaƙen katako, kawunan tagulla da zanen da ya fi ƙofar zaure girma, ina ta tambaya kamar yaro. Amma hular nan ta bambanta. Ɗinkinta shuɗi ne, siriri kamar an rubuta da alƙalami. Ni da na ƙoshi da labaran soyayya, nan take na ƙirƙiro budurwar da ta ɗinka wa masoyin da ya yi nisa, tana hawaye.

Ƙa'idar aikin ita ce kowane kaya yana da kati: sunansa, garinsu, da wanda ya yi shi. Katin hular ya ce ba a san mai ɗinkin ba. Washegari za a buga katunan dindindin.

Malam ya leƙa ya ce, "Wannan ai aikin cikin gidana ne."

Jami'ar wurin, Malama Rahila, 'yar Wusasa, ta zaro biro. "Baba, yaya sunanta?"

"Uwar Sani."

"Sunan yanka nake nufi."

"Shekara arba'in ban kira shi ba, sai yau a gaban gilashi?"

"To, Baba, haka za ta zauna, ba suna."

Sai ya karɓi biron, ya juya mana baya, ya rubuta da ajami a bayan katin. Ya miƙo min ya ce, "Karanta mata in na fita."

Sai da ya kai bakin ƙofa na karanta: Hauwa'u.

Ranar na koyi cewa a aikinmu, in an ce ba a san mai abu ba, sau da yawa an sani; kunya ce ta rufe baki, kuma ba a iya tambaya ba.

Goggo Hauwa'u ta yi shekara goma sha a duniya bayan haka. Da idonta ya raunana, sai ta riƙa shafa ɗinkin jikokinta da yatsa tana cewa a warware. Har ta rasu ba ta taka Ikko ba.