Muryar Inna da Eko

A Azare ba mu yarda magana ta kai magana ba sai ta fito sau uku. Mai sanarwa a walima ya ce "jama'a", lasifika ta amsa "ma'a, ma'a, ma'a", sai ka ga manya sun gyara zaman babbar riga. Eko muke ce wa abin nan. Mutum ba ya gane rabin abin da ake faɗa, amma yana komawa gida da tabbacin cewa an yi taro mai nauyi.

Da wannan aƙidar na shiga ajin koyon haɗa sauti da ɗaukar murya a kwalejinmu. Malaminmu gajere ne, ya yi shekaru a gidan rediyo, ya dawo da ciwon kunne ɗaya da ƙiyayyar eko. Kayan aikinmu makirufo biyu ne, ɗaya ya mutu tun kafin a ɗauke mu, sai miksa, na'urar haɗa sauti mai maɓallai jere, da ƙaramar rikoda da Malam yake kullewa a durowarsa. Watanmu na farko naɗe waya kawai muka koya. Mun zo da burin riƙe taron siyasa, muka ƙare muna naɗe igiya kamar masu dawowa daga rijiya.

Da ya ga hannunmu ya faɗa, sai ya ba mu doka ɗaya. Ya ce, "Ku ɗauki murya yadda Allah ya halicce ta. In kuna son ado, ku sa daga baya. Abin da ya shiga rikoda tare da murya kamar gishiri ne a miya, ba ya fita." Ya shafa wa maɓallin eko jan fenti don kada wani ya ce bai gani ba. Mun rubuta dokar a littafi, har mun ja mata layi biyu, amma a ranmu muna ganin Malam ya daɗe a birni ya manta daɗin abu.

Aikin ƙarshen zango shi ne kowa ya ɗauko muryar mutum ɗaya, tas, ta minti biyar. Da Umma ta ji, sai ta ce in je Katagum wurin Inna, mahaifiyarta. Akwai wata waƙar reno da Fillanci wadda Inna take yi musu suna ƙanana, ba wanda ya riƙe ta duka, ita kuma ƙarfinta yana ta raguwa. Umma ta ce, "Ni dai ka kawo mini muryarta in ajiye." Ban taɓa jin ta roƙe ni wani abu da irin wannan sanyin murya ba.

Ranar Asabar da hantsi na sauka Katagum da miksa a jakar buhu da rikodar da Malam ya ba ni aro bayan gargaɗi mai tsawo. Na tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na jona wayoyi, na ɗora makirufo kan turmin da na kifar, na danna rikoda don in gwada ƙarfin muryarta, na ce ta yi magana. Ta dubi makirufon ta ce, "Angona, wannan ludayin zan yi wa waƙa? Tashi ka kori akuyar can tukuna, za ta cinye mini gyaɗa." Ta yi dariya har da tari. Na tsayar da rikoda, na tashi na kori akuya.

Ina dawowa Kawu ya shigo. Shi ne babban wan Umma, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, kuma tun da ya yi ritaya ba a ɗaurin aure ko suna a unguwar ba tare da ya riƙe makirufo ba. Ya ji labarin an kawo na'ura, ya sako hula da turare, ya sa an ɗauko masa lasifikarsa don maƙwabta su shaida. Ya bubbuga makirufon da yatsa, ya hura shi sau biyu kamar mai hura wuta, ya ce "assalamu alaikum". Sai ya tsuke fuska.

"Kai, abin nan a kunne yake kuwa?"

"A kunne yake, Kawu."

"To ina ekon? Uwar tawa za ka ɗauka haka gaya, kamar mai cinikin daddawa?"

Na fara cewa Malam ya ce, ya katse ni. Ya ce shi yana wannan aikin tun ban iya ɗaura wando ba. Na dubi jan maɓallin, na dubi Kawu. Na san dokar, na san dalilinta, har na ci ta a jarrabawa. Amma babu inda Malam ya koya mana yadda ɗa yake ce wa kawunsa a'a a gaban matan gida. Da hannuna na murɗa maɓallin, ba wanda ya kama mini yatsa. Kawu ya ce in ƙara, na ƙara.

Sai da ya yi gabatarwa tukuna. Ya gai da hakimi da dagaci da limamai da 'yan kasuwa, waɗanda babu ko ɗayansu a gidan, ya nemi afuwar duk wanda bai ambata ba, sannan ya gayyaci "uwa ga kowa" ta yi jawabi. Inna ta rera waƙarta a hankali, idonta a rufe. Lasifika ta ɗauki kowace kalma ta jefa bango ta dawo da ita sau uku. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna cewa wallahi kamar a rediyo, ni ma har na ji kaina ya ɗan kumbura.

Ranar Litinin Malam ya sa abin kunne ya saurara. Bai kai minti ɗaya ba ya cire.

"Wa ya taɓa jan maɓalli?"

"Ni ne, Malam. Kawuna ne ya ce."

"Wan mahaifiyarka?"

Na ce e. Ya gyaɗa kai irin na wanda shi ma yana da kawu. Ya ba ni makin tsira da kyar, ya ce in koma in sake ɗauka, in zaɓi ranar da Kawu yake wajen ɗaurin aure. Na ce sai an yi hutu. Da aka yi hutu na ce sai ruwa ya ɗauke hanya ta yi kyau. Inna ta rasu ana tsakiyar damina.

Bayan an share makoki Kawu ya sa na tura wa dangi waƙar a waya. Aka yi ta yabo, daga Misau har Jama'are, ana cewa Inna ta tafi da girmanta. Ban da Umma. Sai wata rana da la'asar ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Cire mini wannan ƙarar. Ina jin wata mata tana waƙa a cikin rijiya, ba na jin Inna."

Na ce ba ya ciruwa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don na san tun ranar da na murɗa maɓallin. Na koma wurin Malam na roƙi rikodar, ko Allah zai sa. Kafin gabatarwar Kawu na tarar da ɗan guntun gwajin nan da na manta ban goge ba.

Na juye shi a wayar Umma, na kai mata, na kunna. Inna ta kira makirufo ludayi, ta ce in kori akuya, ta yi dariya har da tari, kowace kalma sau ɗaya. Umma ta kai hannu bakinta. Da ya ƙare ta ce in sake, na sake. A karo na huɗu ta karɓi wayar ta ce in nuna mata inda ake dannawa, in ja mata ƙofa in zan fita.