Tsohuwar na'urar biron kiwo

Shekara huɗu na yi a biron kiwo na Belbeji, wato ofishin kula da dabbobi, ni ke shigar da bayanan rigakafin dabbobi a na'ura: sunan makiyayi, rugarsa, irin allurar da aka yi wa garkensa. Na'urar ta girme ni a aikin. In an kunna ta sai an sha shayi kafin ta farka.

Ana saura kwana goma a fara rigakafin shekara, takarda ta zo daga Damagaram cewa a koma sabon zubin manhajar da muke aiki da ita. Manhajar kyauta ce, kowa na iya saukowa da ita. Na sauko da haɗaɗɗiyar, wadda dannawa kawai ake yi ta zauna, na danna, na'ura ta ƙi. Don sabbin na'urori aka haɗa ta.

Shugabanmu, dattijon likitan dabbobi wanda muke kira Shef, ya ce, "To, mu koma rajista da alƙalami."

Na ce, "Shef, ku ba ni kwana uku."

Na kira malamar da ta koya mini aikin na'ura a Damagaram. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, ka duba ƙasan shafin? Akwai tushen manhajar, wato rubutun da masu ita suka yi da hannunsu. Ka sauko da shi, na'urarka ta harhaɗa abinta daidai jikinta."

"Malama, ban taɓa yi ba."

"Sai ka fara yau."

Rezon intanet a wurinmu ba ya ɗaukar irin wannan nauyi, don haka ranar kasuwa na bi mota zuwa Tanut. A wani shagon buga takardu na sauko da tushen, da kayan harhaɗawa da Malama ta lissafa mini, na zuba su a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, na dawo.

Da hantsi na sa na'ura aiki. Rubutu ya yi ta gudu a allo kamar awa biyu, sai ya tsaya. Na karanta wa Malama layin ƙarshe a waya harafi-harafi. Ta ce wani yanki ne na manta ban sa ba, yana cikin kilen. Na sa, na sake farawa daga farko. Na'urar ta yi zafi har na juya mata fanka, ni na zauna cikin gumi. Shef ya leƙo sau uku. Bayan la'asar manhaja ta buɗe.

Muna cikin rigakafi wata matsala ta fito. Duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, a takardar shaidar rigakafi da muke buga wa makiyayi sai alamar tambaya ta fito a wurin harafin. Wani makiyayi daga wajen Tarka, wanda ya yi karatun manya, ya dubi takardarsa ya miƙo mini.

"Wannan ba sunana ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Da haɗaɗɗiyar ce a hannuna, sai dai in ba shi haƙuri. Amma rubutun asali na nan. Na yi kwana biyu ina bin sa a hankali, rabi ban gane ba, har na iske inda aka jera haruffan da aka yarda da su. Namu ba sa ciki. Ba mugunta ba ce, waɗanda suka rubuta ba su san da su ba ne. Na ƙara su, na sake harhaɗawa, sunaye suka fito daidai.

Malama ta ce in aika wa masu manhajar gyaran. Na ji nauyi, amma na aika da Faransancina. Bayan makonni wani ya amsa daga wata ƙasa mai nisa, ya yi godiya, ya tambaye ni ko akwai wasu haruffan da suka rage. Na tambayi wani malamin lakkol, wato makarantar boko, Ba'abzine, ya rubuta mini na Tamajak a bayan ambulan, na tura musu hoton rubutun.