Baba Kaifi Ya Shiga Ta Ƙofar Gaba

Shekara talatin da huɗu Baba Kaifi ya yi yana wasa wuƙaƙen mutane, kuma ba a taɓa dawo masa da wuƙa an ce ba ta ci ba. Da mahauta ya fara, sai teloli da almakasansu, sai masu aski. Yana da tsohon babur da akwatin katako ɗaure a baya, cikinsa duwatsun washi guda biyar, kowanne naɗe da tsummansa, daga mai kaushi kamar bayan kada har zuwa mai santsi kamar sabulu. Gashin hannunsa na hagu ya daɗe da ƙarewa, don a nan yake gwada kaifi. Matarsa takan ce hannun dattijo ɗaya ta aura, ɗayan na jariri ne.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wani tsoho ɗan Japan ya buɗe gidan abincin ƙasarsu, na farko a garin. Aka kira Baba Kaifi, aka miƙa masa wata doguwar wuƙar yanka kifi, siririya kamar ganyen rake. Ya wasa ta gefe biyu yadda ya saba. Da tsohon ya karɓa ya duba, sai ya zauna a kan buhun shinkafa ya dafe kai. Ashe irin wannan wuƙar gefe ɗaya kawai ake wasa mata. Baba Kaifi ya fara haɗa kayansa, ya ɗauka kora ce. Sai tsohon ya riƙe masa hannu, ya zaunar da shi kwana uku a bayan kicin. Babu yaren da ya haɗa su sai nuni da tsaki, amma ya koya masa yadda ake jiƙa dutse, da yadda ake kwantar da wuƙa har ta yanka kifi ba tare da ta danne shi ba.

Tsohon ya daɗe da komawa ƙasarsu. Gidajen abincin Japan suka zama biyar a garin, kuma duk biyar ɗin Baba Kaifi ke wasa musu wuƙa, Litinin da Alhamis. Ta ƙofar baya yake shiga, wajen kwandunan shara da tulun gas. Bai taɓa zama a kujerar ko ɗaya ba, bai kuma taɓa sha'awa ba. Ɗanyen kifi? Shi da Allah ya hore wa wuta a gida?

A cikin masu yankan kifin nan, wanda ya fi shiga ransa shi ne Bahago, wani shiru-shiru mai furfura a gemu da ke aiki a mafi ƙanƙantar gidajen, mai tebur takwas. A hannun tsohon ya koyi aiki. Da yake da hagu yake yanka, wuƙaƙensa a ɗaya gefen ake wasa su, kuma Baba Kaifi sai ya juya zamansa gaba ɗaya kafin ya taɓa su. Yakan yi mita, amma su yake bari ƙarshe, ya yi su a tsanake.

Wata Alhamis ya shiga ya tarar da Bahago a tsugune yana feraye karas. Wuƙaƙensa na hannun wani sabon ma'aikaci da ko riƙon kirki bai iya ba.

"Lafiya? Me ya sauko da kai nan?"

Bahago bai ɗago ba. Madam, mai gidan abincin, ita ta leƙo ta amsa. "Baba, gara da ka zo. Ko hannunsa ne ya mutu, ko wuƙarka ce ba ta ci. Duniya ta gama ganinmu."

"Wuƙar wa?"

"Ka je ka kalli abin da Mai Taurari ya sa."

Mai Taurari wani matashi ne da ke yawo gidajen abinci da waya, ya ci, ya raba taurari daga ɗaya zuwa biyar, mutane dubbai suna kallo. Baba Kaifi bai san da zamansa ba. Da yamma babbar 'yarsa, wadda ke aiki a kantin magani amma kowa a gidan Likita yake ce mata, ta nemo masa bidiyon. Ga saurayi da tabarau a ka, ga farantin sashimi a gabansa, wato yankakken ɗanyen kifi. Ya ɗaga yanka ɗaya a yage, ya ce wannan da zarto aka yanka shi, ya ba da tauraro ɗaya, ya yi dariya.

"Mayar da shi baya," in ji Baba Kaifi.

Ta mayar. Sau shida ta mayar.

"Tsaya nan! Kin ga cokali mai yatsu a gefen farantin? Kin ga bakinsa da jan kifi? Shi ya yaga shi da hannunsa! Kuma dubi yadda kifin ya yi gumi. Wannan ya fi minti ashirin a ƙarƙashin fitilarsa yana ɗaukar hoto. Sannan ya tsoma shi cikin baƙin romon waken soya kamar mai wankin tsumma. Zarto! Ni zai ce wa zarto? Yaron da ko fensir bai iya feƙewa ba!"

"Malam, abincinka na hucewa," in ji matarsa.

"Ya huce! An zubar wa mutum mutuncin shekara goma sha ɗaya a minti biyu, kina maganar abinci?"

Likita ta ce, "To Baba, kai ka taɓa cin kifin nan ne da za ka yi masa shaida?"

Wannan tambayar ta fi bidiyon ƙona masa rai, don gaskiya ce.

Ranar Asabar ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya ce Likita ta biyo shi da wayarta ta ɗauke shi bidiyo. Ya ce ba zai fara da gidan su Bahago ba, kada a ce son kai. Suka nufi babban gidan da Mai Taurari ya ba taurari biyar, mai jajayen fitilun takarda da tafkin kifaye a bakin ƙofa. Mai gadi ya gane shi, ya nuna masa lungu da haɓa.

"Baba, ta baya. Kuma yau ba ranarka ba ce."

"Na zo da akwati?"

"A'a."

"To matsa. Ci na zo yi."

Aka zaunar da su kusa da ƙofar bayan gida, alhali rabin teburan babu kowa. Ya haɗiye wannan. Aka kawo sushi, 'yan dunƙulen shinkafa da kifi a kai, da wani koren abu ɗan mitsitsi a gefe. Ya zaci kwalliya ce irin ta ganye, ya lakace shi duka ya kai baki. Likita ta ce ba ta taɓa ganin mahaifinta yana hawaye ba sai ranar. Ya riƙe tebur, hancinsa kamar an zura masa garwashi, ya yi salati sau uku.

"Wasabi ke nan, Baba. Kaɗan ake taɓawa."

"Shi ne kika zuba mini ido? Kashe wayar nan!"

Da ya dawo hayyacinsa ya ɗauki kifin, bai ci ba tukuna, ya karkata shi wajen haske. Fuskar yankan ba ta sheƙi, ta yi dishi-dishi, gefenta da 'yan zare-zare. Ya san dalili: wata huɗu ke nan gidan suna ba shi ƙananan wuƙaƙe kawai, manyan kuwa suna gurza su a injin lantarki don sauri. Ya kuma san daga wane kwali romon ramen ɗinsu yake fitowa, taliyar nan mai ruwa da suke cewa ana kwana ana dafa romonta.

Da ya raɗa wa Likita wannan, ta ce, "Faɗi wannan, Baba! Wannan kaɗai ya isa ya tashi garin."

"Ba zan faɗa ba. Abin da na gani ta ƙofar baya amana ce, aiki ya kai ni. Abin da ke cikin farantin nan kuwa nawa ne. Kunna."

Ta kunna. Ya dubi wayar kamar mai shirin faɗa da ita, ya ce shi ba ya raba taurari, don ba shi ya halicce su ba. Ya nuna yankan, ya bayyana yadda wuƙa marar kaifi take danne kifi ta matse ruwansa, sai ya zama lagwani a baki. Ya ce shinkafar an matse ta kamar za a jefi kare da ita. Ya ce romon ramen gishiri ne da ruwan zafi, wanda ya sha zai wuni yana neman randa. Ya yaba abu ɗaya, tamfura, jatan landen da aka soya cikin ƙullu marar nauyi, ya ce duk wanda ya soya shi a gaishe shi, ya san zafin mai.

Asabar biyar suka yi suna wannan. Gida na biyu ya ce kifinsu sabo ne, amma mai yankan yana tsoron wuƙa, yana kai ta yana dawowa, alhali ja ɗaya ake yi daga gindi zuwa tsini. Na uku ya ce ramen ɗinsu na kaza ya isa a yi tattaki dominsa, sai dai kiɗan da suke sawa zai hana mutum jin ɗanɗanon bakinsa. Na huɗu ya ci loma biyu ya ajiye, ya ce an lulluɓe komai da miya mai zaƙi da mayonis don a ɓoye abin da ba a so a gani, kuma shi bai zo shan alewa ba. A hankali ɗanyen kifin da yake ƙyama ya fara zama masa a baki, ko da yake bai yarda ya faɗa a gida ba.

Gidan su Bahago ne na ƙarshe. Ya ce wa Madam shi fa ba zai ci yankan kowa ba sai na Bahago. Ta aika aka kira shi daga wajen karas. Bahago ya wanke hannu, ya ɗauki wuƙarsa, ya ja sau ɗaya. Yankan ya kwanta a faranti yana sheƙi kamar an shafa masa mai, gefensa a tsaye. Baba Kaifi ya ɗaga shi gaban waya.

"Jama'a, ku duba da idonku. Wannan ne zarto? Wanda ya faɗi haka ko dai makaho ne ko maƙaryaci, kuma na ga yana tuƙa mota."

Ya ci, ya lumshe ido. Sannan ya ɗauki sushi, ya tauna, fuskarsa ta canza. Likita ta yi masa alama da ido ya yi shiru. Bai yi ba.

"Amma shinkafar nan ta yi sanyi. An bar ta kusa da firji. Ɗumin jiki ake so ta yi, haka na ga tsohon da ya koya mana yana yi. Kuma ruwan tsamin ya yi yawa."

Bahago ya ajiye wuƙa ya shige ciki.

A hanyar gida Likita ta yi ta faɗa. "Mutumin da ka fito ka wanke, shi ka ƙara wa ciwo? Bari in yanke wajen daga bidiyon."

"In kika yanke, me ya raba ni da mai tabarau? Ya yi sanyi ko bai yi ba?"

"Ya yi, amma..."

"To bar shi."

Abin da ya biyo baya bai yi masa daɗi ba. Babban gidan mai fitilu suka aiko cewa kada ya ƙara zuwa, na huɗu ma haka. Alhamis ɗinsa ta kusa zama fayau, sai da ya koma layin mahauta yana sallama rumfa-rumfa kamar sabon shiga, da furfurarsa. Bidiyon nasa mutum ɗari bakwai da 'yan kai suka kalla. A makon nan Mai Taurari ya sa wani bidiyon yana cin kaza da hannu biyu, mutum dubu tamanin suka kalla, kuma ko sunan Baba Kaifi bai ambata ba, balle ya ba da haƙuri. Wannan ya fi komai ci masa rai. Ya so a ce yaron ya zage shi ma, ya samu abin mayarwa.

Madam dai ta mayar da Bahago kan teburin yanka, don cikin ɗari bakwai ɗin nan an samu waɗanda suka zo suna tambayar mai yanka da hagu. Ba ta ce wa kowa ta yi kuskure ba. Bahago kuwa mako uku yana ajiye wuƙaƙensa a kan benci ya bar wajen kafin babur ya tsaya. A na huɗu ya tsaya, ya harɗe hannu.

"Baba, a gaban duniya ka ce shinkafata ta yi sanyi."

"Ta yi."

"Ai da ka ja ni gefe."

"Da na ja ka gefe, wa zai yarda da abin da na faɗa a kan yankanka?"

Bahago ya sauke hannunsa. Can ya ce ya matsar da tukunyar daga jikin firji, amma maganar ruwan tsami bai yarda ba, kuma ba zai yarda ba, bakin Baba ne bai saba ba. Suka yi ta musu har dutsen da aka jiƙa ya bushe, aka sake jiƙa shi.

Yanzu Baba Kaifi ya daina bidiyo, ya ce idonsa ba ya son fitilar waya. Amma bakin bai daina ba. Kwanan baya wata mata ta tsayar da shi a titi da wuƙar kicin ɗinta, ta ce ta gane shi, ina ya kamata ta kai mijinta su ɗanɗana abincin Japan? Ya kafe babur, ya fara daga gida na farko. Yana kan na uku, yana bayanin romon kaza da hannu biyu, ta ce wallahi ta bar tukunya a wuta. Ya bi ta da murya har ta sha kwana:

"Kuma koren abin nan, kaɗan ake taɓawa! Kada ki bari ya lakata!"