Kwalin Baba na Saman Sif

Jiya na sauko da kwalin marigayi Baba daga saman sif. Shekara da shekaru Hajiyarmu ba ta taɓa shi sai da alwala, a zatonta littattafan addini ne ya naɗe da takardar siminti.

Ina buɗewa sai ga littattafan Turanci na labaran tafiya duniyar taurari, na wani tsohon marubuci da yanzu ba mai ambatonsa.

Na gaya mata. Ta yi murmushi.

"Shi ya sa in jirgin sama ya tashi daga filin Mando yake barin abincinsa ya fita kallo. Zauna ka fassara min, in ji inda yake zuwa."

Mun kai shafi na arba'in. Ku me naku suka bari a saman sif?